Tukunyar Suna da Ta Ƙi Tafasa a Jidda

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugaban talikai da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wannan kaɗan ne daga abin da idona ya gani na karamar Shehinmu, kogin ilimi, fitilar masu neman shiriya, mai tsantseni da gudun duniya, Allah Ya haskaka makwancinsa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin tun yana raye ya hana mu, yana cewa suna kaya ne mai nauyi. Ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda tun yana saurayi, ya zauna a wani ɗan ɗaki kusa da masallaci a tsohon gari, yana karantar da fiƙihu da tafsiri bayan la'asar, kuma a tabarmarsa ɗan dakon tasha da likita mai kwantiragi kafaɗa da kafaɗa suke zama, babu wanda yake ɗaga wa wani hanci.

A wancan zamani ni malamin makaranta ne, cikin waɗanda aka ɗauko daga gida don koyarwa a makarantun kuɗi. Mutanen gida suna zaton da shebur muke kwasar riyal, alhali kafin albashi ya kwana biyu a hannu, hayar gida a unguwar Safa ta cinye rabi, kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya mana, ya karɓi nasa na sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ga gas, ga ruwan sha, ga saƙon 'yan uwa da ba ya yankewa. Wannan ya sa iya ciniki ya zama abin taƙamarmu. In muka haɗu a ɗakin malamai, hirar ba ta wuce wane ya karya farashin katifa, wane ya sa Bayamane mai shago ya yi rantsuwa har ya gaji.

Gwaninmu a wannan fage shi ne Malam Musbahu, mutumin Zariya, mai koyar da lissafi. Duk wanda zai sayi mota ko na'urar sanyaya ɗaki, shi yake ɗauka. Al'adarsa in zai shiga kasuwa ya sa farar jallabiya, ya ajiye Hausa a gida, ya riƙa zuba Larabcin Hijaz irin na 'yan gari, domin a cewarsa mai kaya in ya gane kai baƙo ne ya gama da kai. Ba mugun mutum ba ne, a sahun gaba yake salla, kuma ba ya fashin karatun Shehu. Da Allah Ya ba matarsa Zubaidatu ɗa namiji bayan doguwar jira, sai ya roƙi Shehu ya zo ya sa albarka ranar suna, ni kuma aka ba ni alfarmar ɗauko shi a motata.

An yanka rago, an raɗa suna, Shehu ya yi addu'a, mata suka ɗora babbar tukunya tun da sassafe. Hantsi ya yi, rana ta ɗaga, baƙi sun cika falo har kan matakala, amma babu ko ƙamshi. Wuta na ci shuɗiya tana gurnani a gindin tukunya, ruwan ciki kuwa in ka tsoma yatsa sanyi ƙalau kamar na randa. Aka canja tukunyar gas, aka aro murhun maƙwabci Basudane, aka ɗora butar shayi a kan wutar nan ta tafasa nan take, aka mayar da tukunyar suna ta yi shiru abinta. Wani abokin aikinmu mai barkwanci, Ubale, ya ɗaga murya ya ce, "Malam Musbahu, ko wutar ma tayawa ka yi, ta ce albarka?" Aka yi dariya, shi ma mai gida ya yi yaƙe, gumi na bin wuyansa.

Shehu ya sa aka nemi izini, mata suka kauce, ya shiga kicin yana dogara sandarsa, ni da Musbahu muna biye. Bai taɓa tukunyar ba. Ya tsaya jim kaɗan a kanta, sannan ya ce a hankali, "Naman nan halal ne, ruwan ma halal ne. Kayan yajin fa, a hannun wa aka karɓo?"

Musbahu ya ce, "Saye na yi, Allah gafarta Malam. A Nuzla, wurin wata tsohuwa. Na biya."

Shehu ya ce, "Na san ka ba da kuɗi. Ta ce maka ta sallama?"

Wallahi na ga fuskar mutumin nan ta sauya kamar an watsa mata toka. Ya jingina da bango, ya sunkuyar da kai, ya ba da labari da muryar da sai ka matsa za ka ji. Ya ce ranar da aka yi haihuwa kuɗin asibiti ya tatse shi, sai ya tafi Nuzla inda matanmu da suka zo Hajji suka maƙale suke kasa kayan miyan gida a bakin hanya. Ya tsaya gaban wata dattijuwa da ake kira Inna Kulu, ya zaɓi daddawa da kimba da masoro da citta da kanwa, duk cikin Larabci. Ya taya, ta ce albarka. Ya ƙara kaɗan, ta ce albarka, kayan daga nesa suke. Shi kuwa bai saba a kayar da shi a ciniki ba. Sai ya waiga ya dubi titi, inda motar jawazat masu kama marasa takarda take bi, ya juyo ya ce mata da Larabci, "Hajiya, ina iƙamarki?" Tsohuwa ta juye masa kayan a leda, ya ajiye abin da ya ga dama, ya tafi yana jin ya yi nasara.

Ni da nake tsaye ban san inda zan sa idona ba, domin sau nawa muka tafa wa mutumin nan a kan cinikinsa, ba mu taɓa tambayar yadda yake yi ba.

Shehu bai yi faɗa ba, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Ciniki da sallamawa yake ƙarewa. Naka bai ƙare ba, shi ya sa tukunya take jira. Mu je."

Muka bar baƙi da yunwa muka nufi Nuzla cikin tsakar rana. Wurin da take zama babu kowa sai kwalin da take shimfiɗawa, an danne shi da dutse. Mai ƙosan da ke kusa ta ce tun ranar da wani mai farar jallabiya ya tambaye ta takarda ba ta sake fitowa ba, ta kuma rantse ba ta san gidanta ba, tana kallonmu a tsorace. Shehu bai matsa mata ba. Ya shige gaba da sandarsa cikin lungunan da bai taɓa takawa ba, ya karya nan ya karya can, yana tsallake kwata, har ya tsaya a wata ƙofar kwano ya yi sallama.

Aka daɗe kafin a buɗe. Da ta leƙo ta ga Musbahu, sai ta koma ciki, ta fito da ƙunshin kayanta a ɗaure, wanda in ka gani ka san ya kwana biyu a ɗaure. Ta ce, "Na shirya, ku mu tafi. Jikata dai ku bar ta, a nan aka haife ta, uwarta ta rasu, ba ta san kowa a can ba."

Musbahu ya zube a ƙasa da babbar rigarsa ta suna, cikin ƙazantar lungu, ya ce da Hausa, "Inna, ba kama ki muka zo yi ba. Ni ne na zalunce ki. Ni ɗanki ne, Bahaushe ne."

Ta ce, "Ai na sani tun ranar. Larabcin naka duk Zazzaganci ne a ciki. Da Balarabe ne ya faɗa min, da ban kwana ina kuka ba."

Musbahu ya zaro duk abin da ke aljihunsa ya miƙa mata hannu biyu, ta ɗauki cikon kuɗinta kawai ta ture sauran, ta ce ita ba bara take yi ba. Sannan Shehu ya ce, "Kulu, gyaran da kika sa masa fa, shi ma a biya?"

Musbahu ya ɗago kai, domin bai san da wani gyara ba. Tsohuwa ta dubi Shehu da mamaki, ta ce, "A'a, Malam, wannan ba nasa ba ne. Wanda ya haɗa kimba da masoro da kanwa, mai jego gare shi a gida. Nata ne. Ita ba ta yi min komai ba." Ta dubi mutumin da ke durƙushe a gabanta, sannan ta ce, "Tashi, kada ka ɓata rigarka. Na sallama. Allah Ya raya." A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya da kiran azahar.

A mota, da muka kusa Safa, Shehu ya ce, ba tare da ya waiga ba, "Takardar da ke aljihunka garkuwa aka ba ka, Musbahu, ba wuƙa ba."

Tun daga gindin matakala ƙamshi ya tare mu. Mata suka ce ana fara kiran azahar tukunya ta ɗauki tafasa har murfi na rawa, kuma kafin a tayar da salla nama ya saki ƙashi. Aka lalubo ledar kayan yajin da aka jefar a bayan ƙofa, sai ga ɗan ƙulli a can ƙasa cikin tsumma mai tsabta: curin daddawa da kimba zaɓaɓɓiya. Shehu ya ce a dafa wa mai jego ita kaɗai. Baƙi suka ci suka yi santi, Ubale ma ya nemi ƙari, amma mai gida yana ta zuba wa mutane bai kai ko loma ɗaya bakinsa ba, kuma da Zubaidatu ta tambaye shi daga ina ƙullin nan ya fito, sai ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Daga ranar hirar ciniki ta mutu a ɗakin malamai. Musbahu bai daina taya masu manyan shaguna ba, amma in ya shiga Nuzla da Hausa yake sallama, ya durƙusa ya gai da Inna Kulu, abin da ta faɗa shi yake biya. Ita kuma har ta bar duniya tana sa masa gyara, shi kuma bai taɓa iya kallon hannunta ba lokacin da take sawa.

Wannan ɗigo ne daga tekun Shehinmu, masanin Allah, uban marasa gata. Ya Ubangiji, Ka ƙara masa kusanci, Ka jiƙan Inna Kulu, Ka rufa mana asiri da rufin da ba ya yagewa, Ka tsare harsunanmu daga firgita bayinKa, Ka sa albarkar bayinKa nagari ta lulluɓe mu da zuriyarmu. Amin.