Injin Silvanus da Gadajen Matan Kazaure

Akwai wani mai walda da aka yi a Kazaure, a shekarun da kuɗin man fetur suka fara shigowa ƙasar nan, sunansa Silvanus. Mutumin wajen Kafanchan ne, kamfanin da ya yi aikin titi ne ya kawo shi. In dai maganar haɗa ƙarfe ake yi, ko maƙiyinsa ba zai ce bai iya ba.

Matsalar ita ce shi ma ya san ya iya.

Da kamfani ya gama aiki aka sallami ma'aikata, abokansa suka bi wasu kamfanonin zuwa kudu. Shi kuwa ya ce ya gaji da "zo nan, je ka can". Ya tattara kuɗin sallamarsa kaf, ya sayi injin walda mai janareta, ya ɗora shi a bayan wata tsohuwar akori-kura.

Ya ce wa matarsa Rhoda, "Ba zan zauna a shago ina korar ƙuda ba. Ni zan riƙa bin aiki har inda yake."

Dabarar ba ta da laifi. Ƙauyuka da yawa babu wuta a lokacin, duk wanda ƙarfensa ya karye sai ya nufi Kano. Sai dai duk abin da Silvanus ya mallaka yana bayan motar nan. In injin bai kawo abinci ba, babu wani wurin da za a waiwaya.

Ya fara da kasuwar Babura. Ya tsayar da mota a inuwa, ya tayar da inji, ya ɗauko guntayen ƙarfe biyu ya haɗa su a gaban jama'a. Tartsatsi ya tashi, mutane suka yi dafifi. Har masu sayar da shanu sai da suka leƙo.

Kallo kam an yi. Aiki ne babu.

Wani manomi ya daɗe yana shafa haɗin yana jinjina kai. Silvanus ya ce, "Malam, ba ka da garmar shanu da ta karye?"

Mutumin ya ce, "Akwai. Amma muna da maƙerinmu tun kakanni. In na kawo maka, da wane ido zan kalle shi ranar suna?"

A Roni, direbobin manyan motoci suka ce suna da masu yi musu a Kano. A cikin Kazaure, 'yan kwangilar da ke ta gine-gine suka ce ƙofofinsu da tagoginsu a haɗe ake kawo su. Kowa zai yaba masa, ya yi masa fatan alheri, ya wuce. Shi kuwa inji ba ya shan fatan alheri, mai yake sha.

Kullum Silvanus ya dawo gida a cike yake fam. "Mutanen nan ba su san aiki ba. Ni da na haɗa ƙarfen gada, sai su tsaya suna kallona kamar mai wasa da kura."

Ita Rhoda tela ce. Tana shiga gidajen matan aure ta auna su, ta kai musu ɗinki, ta zauna a sha hira. Wata rana da ya gama faɗansa, sai ta ce, "Maigida, aikin da kake nema fa na gan shi."

"A ina?"

"A cikin gidaje. Yau na shiga ɗakin Saude, gadonta mai rumfa ƙafa ɗaya ta karye, da turmi ta tokare shi. Na Ma'u kuwa raga ce ta ɓalle, an ɗaure da waya. Ba gidan da zan shiga ban ga irin wannan ba. Maƙeri ba ya iya haɗa bututun gado, kuma ba namijin da zai ɗauki gadon matarsa ya kai Kano."

Silvanus ya yi dariyar takaici. "Gado? Rhoda, kin san abin da na zuba a injin nan?"

Ta ce, "Matan nan suna da kuɗinsu. Suna ƙuli, suna man gyaɗa, suna adashi. Gadon nan iyayensu suka yi musu, ba abin da suke ji da shi kamarsa. Ba za su fito kasuwa ba ne kawai, kai kuma ba ka shiga."

"To kin gani. Wanda ba ya fitowa, ni kuma ba na shiga, ina muka haɗu? Ki ji da kekenki, ki bar ni da ƙarfe."

Rhoda dai ba ta bar maganar ba. Ta je ta samu Dela.

Dela tsohuwa ce, dillaliya. Ita ke yawo da kwanuka da zannuwa gida-gida, babu zauren da ake tsayar da ita tun daga Kazaure har ƙauyukan Roni. Ta san wadda za ta aurar da 'ya, ta san wadda ta ɗauki adashi.

Da hantsi ta zo ta tarar da Silvanus a ƙarƙashin mota yana fama da wata ƙusa. Ta yi sallama, ya amsa daga kwance. Ko kujera bai ce a kawo mata ba.

Ta ce, "Mai walda, shawara na kawo. Ni zan shiga in tattara maka aiki. In na gama unguwa, sai a fito da gadajen ƙofar gida, kai kuma ka zo da motarka ka haɗa. Ka ba ni ɗan abin goro, shi ke nan."

Ya leƙo da kai ya ce, "Iya, injina ba na gyaran kayan ɗaki ba ne. Manyan ayyuka nake jira."

"To. Allah ya kawo su." Ta zagaya motar a hankali tana duba injin. "Yana shan mai da yawa?"

"Daidai gwargwado."

"In ya lalace, ana samun kayansa?"

"A Kano, cike." Ya koma ƙarƙashin mota yana cewa a ransa tsofaffi da son jin ƙwaƙwaf.

Ta gyara mayafinta ta tafi.

Ana nan sai labari ya zo cewa tarakta ta karye a wata babbar gona can bayan Gwiwa. Silvanus ya ji kamar an yi masa albishir da gidan sama. Ga babban aiki ya zo. Ya juye ɗan man da ya rage a tanki, ya kama hanya ko karyawa bai yi ba.

Bai yi nisa da barin titi ba motar ta kafe a yashi. Ya tona, ya sa itace, ya tura, taya sai juyawa take tana ƙara nutsewa. Rana ta take, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Sai da wasu makiyaya suka tausaya masa, suka ɗaura wa motar bijimai biyu suka ja ta.

Ya isa gonar la'asar sakaliya. Mai gadi ya ce, "Ai kuwa ka makara. Tun jiya aka ɗora ta a babbar mota aka yi Kano da ita."

Silvanus ya zauna a kan tayar motarsa, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Man komawa gida ma sai da ya roƙa.

Da ya dawo, Rhoda ta sake gwadawa. "Maigida, Iya Dela fa har yanzu tana nan. Ka je ka same ta."

Ya ce, "In je in durƙusa wa dillaliya? Garin nan ne ba shi da aiki. Sayar da injin zan yi, in koma kamfani."

Haka kuwa aka yi. Ya kira wani dillali mai suna Daudu, ya ce a nemo mai saye, inji da mota gaba ɗaya. Ba a daɗe ba Daudu ya zo da kuɗi, ya ce mai sayen ba ya son a ambaci sunansa tukuna. Silvanus bai damu ba. Ya miƙa makulli, ya shige ɗaki don kada ya ga fitar motar.

Sai dai kamfanonin da yake taƙama da su sun riga sun cika da ma'aikata. Ya je Kano, ya je Kaduna, ko'ina sai a ce ya dawo wani lokaci. Kuɗin injin suka narke a mota da abinci. Gida ya koma kan keken Rhoda. Mutumin da ke cika unguwa da faɗa ya zama ba ya son fitowa ƙofar gida.

Wata safiya Daudu ya yi sallama. "Wanda ya sayi injinka yana neman mai walda. An gwada wani daga Kano, bai zauna ba. In kana so, taso mu je."

Silvanus ya sa riga ya bi shi. A hanya yana ta tunanin wane alhaji ne, wane ɗan kwangila ne. Suka sha kwana, suka shiga wani lungu.

Ga motarsa nan a ƙofar wani gidan ƙasa. A jikin katanga kuwa gadajen ƙarfe ne a jingine, tun daga bakin zaure har ƙarshen lungun. Ga ƙafafun keken ɗinki, ga bokitai, ga wani bakin injin niƙa da ya tsage. Kowanne an ɗaura masa ƙyalle don a gane mai shi.

Dela na zaune a kan tabarma tana ɓare goro.

Ta ce, "Sannu da zuwa, mai walda. Daudu, ba shi kujera."

Silvanus ya kasa zama. Ya ce, "Iya, ke ce?"

"Ni ce, da wasu mata da muke adashi tare. Wannan na unguwa biyu ne kawai. Matan Roni sun aiko, na Babura ma suna jira. Rhoda ta ce ba wanda ya san halin injin nan kamarka. Za ka yi mana aiki, mu biya ka duk wata?"

Ya dubi layin gadajen. Ashe duk lokacin da yake ƙona mai yana zagin gari, aikin yana nan a bayan katangar maƙwabtansa. Da ya saurara, da duk wannan nasa ne, da injin, da motar, da ribar. Ya tuna buhun hatsin da ke gida ya kusa ƙarewa.

Murya can ƙasa ya ce, "Zan yi, Iya."

Ya durƙusa gaban gadon farko. Tun kafin a tayar da inji ya ja baƙin gilashin walda ya rufe fuskarsa, don kada a ga abin da ke zuba daga idonsa.

Aiki ya yi ta zuwa, har mazan ma suka fara kawo amalankensu da suka ga abin da aka yi wa matansu. Kafin shekara ta zagayo Dela ta ƙara inji na biyu. Silvanus ya ci gaba da karɓar albashi a kan injin da ya saya da guminsa, kuma duk garin da suka shiga, abin da ake cewa shi ne, "Ga motar Dela ta zo."

Darasi: Iya sana'a daban, sanin inda masu buƙatarta suke daban. Kada ka raina ƙaramin aiki, kuma kada ka raina mai nuna maka hanya don mace ce ko don tsohuwa ce, wataƙila ita ke shiga inda kai ba ka isa ka shiga ba. In ka san wani mai sana'a da girman kai ke neman raba shi da jarinsa, tura masa wannan labari tun bai kira dillali ba.