Ranar Da Rafin Bagai Ya Sauko Da Rana Tsaka

Jama'a, kakanmu ne ya ba mu wannan, har yau ba mu gama musu a kai ba.

Wai akwai rafin Bagai, ɗan ƙarami, daga kan dutse yake saukowa. Halinsa ɗaya: sai a yi ruwa can sama, ƙasa kuwa rana ƙwal, kawai ka ga ambaliya. Inna Tabawa maginiyar tukwane ce, kunnenta ya yi nauyi. Ran nan ta shiga kwazazzabon rafin haƙar yumɓu, wurin da hanyar fita ɗaya ce tal. 'Ya'yanta uku.

Babban, Barau, yana kiwo a doron dutse. Ya san in ruwa ya zuba ta gabas, wani kwarin yake bi, in ta yamma ne, nasu ne. Ya ga hadari ya juya yamma. Ya bar awakinsa, ya hau tsinin dutse ana tsawa, ya dinga busa ƙaho har leɓensa ya fashe.

Jatau na can tsakiya, inda ƙoramu biyu suke haɗuwa, yana da lambun albasa da ya tare da gini. Da ya ji ƙahon, ya duba ya ga ruwan ya fara zama ja. Ya ɗauki fartanya ya fasa ginin da hannunsa. Ruwa ya karkata cikin lambun, ya kwashe albasar shekara kaf. Bai hana ambaliyar ba fa, ya dai ɗan riƙe ta.

Ita kuma Ladidi, autarsu, ga cikin wata bakwai, da jin ƙahon ta gangara kwazazzabon da gudu. Ta samu Inna na ta haƙa. Ta yi mata nuni da saman dutse, tsohuwa ta ɗaga kai ta ce, "Ke 'yar nan, wane ruwa? Ba ki ga rana ba?" Ladidi ba ta tsaya bayani ba, ta goya ta. Suna rabin hawa ruwa ya iso gwiwarta, da itatuwa da duwatsu. Ta kama saiwa, ta ja, suka fita.

Inna karsana ɗaya gare ta a duniya. Ta ce ta wanda ya cece ta ce, kuma ba za a yanka a raba ba.

To ku faɗa min, a hannun wa za a sa igiyar?