Hular Kunnen Keaton da Garwar Madara

Marlys ƙawata, ajiye gugar nan ki zo ki ji. Ku ma da kuke bin shafin nan, ku gyara zama.

Akwai wani yaro a garinmu, Prairie Bend, sunansa Keaton Vrba. Tun yana ƙarami ubansa yake kai shi kokawa, kuma har ya shiga sakandare babu wanda ya taɓa kayar da shi. Ƙarfi kam Allah ya ba shi, ga ɗaukar buhunan abincin shanu ya ƙara masa. Sai dai bakinsa ya fi ƙarfinsa girma.

Ni ce mai sayar da miyar wake da burodin kirfa a ƙofar zauren wasanni, yaran nan duk a gabana suka girma. Keaton zai zo ya jingina da teburina ya ce, "Mama, ajiye min burodi biyu. Yanzu zan gama da shi in dawo, kar ya huce."

"Idan kai aka kayar fa?"

"Wa? Ni? Mama, rage kallon fim."

Kin san abin da ke tsakaninmu da maƙwabtanmu, mutanen garin Otter Ford: tsohuwar garwar madarar nan mai lanƙwasasshen murfi. Duk shekara makarantun garuruwan biyu su kara a kokawa, garin da ya fi maki ya tafi da ita. Idan aka yi kunnen doki, tana zama inda take. Ko a bola ka gan ta ba za ka ɗauka ba, amma akwai dattawan da suka daina gaisawa a kanta. A lokacin ta daɗe a hannunsu.

Shekarar Keaton ta farko a sakandare, wasansa ne na ƙarshe, kuma suna gabanmu da maki biyar. Danne kafaɗun mutum a katifa maki shida ne. Kafin in juya miya sau biyu, Keaton ya danne yaronsu. Zaure ya kaure da ihu. Mun wuce su da ɗaya!

Sai Keaton ya miƙe, ya fizge hular kare kunne da 'yan kokawa ke sawa, ya wurga ta sama har ta bugi fitila ta faɗo a cinyar wata tsohuwa. Ya juya wajen mutanen Otter Ford yana dukan ƙirji.

Ni da na koyi karatu da kaina a jikin buhunan fulawa da Littafi Mai Tsarki, har ni na san dokar. Wanda ya jefar da kayan wasa, ana cire wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu ya nuna tebur. Kunnen doki. Muna ji muna gani suka sa garwar a bayan mota, har da ɗaura mata bel.

Daga ranar sunan Keaton ya koma Maki Ɗaya.

Garinmu ba ya zagi, amma ya iya tsokana. Mai aski ya ce masa, "Gefe ɗaya zan aske, ko kana da makin biyan ɗayan?" Kakarsa ta saƙa masa hular Kirsimeti mai igiya, ta ce, "Wannan ko ka jefa za ta dawo." Ni ma ban bar shi ba. Ya ce burodi biyu, na miƙa masa ɗaya.

"Haba Mama, har da ke?"

"An cire ɗaya, ɗana. Doka ce."

Ya yi dariya, amma na ga idonsa. Na sa shi a addu'a, ba don ya ƙara ƙarfi ba.

Shekara ta zagayo. Ranar Asabar ce, ƙanƙara ta rufe hanya, amma duk Otter Ford sai da suka zo. Kuma ba hannu banza ba. Wani da ragar kamun kifi, wani da kwandon wanki, duk suna jiran hular Keaton.

Kafin a hau sikelin auna nauyin 'yan wasa, Koci Haugen ya jawo Keaton gefen teburina. Yaronmu na rukunin nauyin da ke sama da na Keaton ya karye a hannu. Idan ba mu fitar da kowa ba, maki shida ne kyauta. Rukunin Keaton kuwa muna da wani yaron da zai iya riƙe shi. Wanda ke jira a rukunin kuwa Emmett Stoltz ne, ɗan ajin ƙarshe, mai wuya kamar kututture.

"Keaton," in ji Koci, "Emmett ya fi ka nauyi, ya fi ka shekaru, ya fi ka iyawa. Ba za ka ci shi ba."

"To me zan je yi, Koci?"

"Za ka je ka sha kaye. Amma kada kafaɗunka su kwanta. Idan ya ci ka da ɗan rata, uku ne nasu. Idan ya danne ka, shida."

"Koci, ban taɓa faɗuwa ba fa. Ko sau ɗaya."

"Na sani. Ba dole. Ka zauna a rukuninka, ka ci yaronsu, tarihinka ya zauna fes. Garwa kuma ta koma gidanta."

Keaton ya leƙa tukunyata. Can ya ce, "Mama, tunda an ƙara min nauyi, yau zan iya cin burodi kafin wasa ke nan?"

Na ba shi biyu.

Aka yi ta karawa har aka zo wasansu, shi ne kuma na ƙarshe. Muna gaba da maki huɗu.

Marlys, ban taɓa ganin an wanke yaro kamar ranar ba. Emmett ya ɗauke shi ya maka da katifa. Ya tashi, ya sake maka shi. Mutanen Otter Ford suna kaɗa kwanduna suna waƙa, "Jefo hula! Jefo hula!" Wani dattijonsu mai kwando ya yi ihu, "Maki Ɗaya, yau ina ƙirjin?"

A zagaye na uku Emmett ya kwantar da shi rigingine. Alƙali ya kwanta rub da ciki yana leƙen kafaɗunsa, tafin hannu a sama, yana shirin dukan katifa. Keaton ya kafa kai da dugadugai ya gantsare kamar gada. Fuskarsa ta yi ja, wuyansa yana rawa. Ubansa ya miƙe yana ihu, "Riƙe, yaro! Riƙe!" Ni ludayi ne a hannuna, ina ta cewa, "Ya Ubangiji, ka tallabe masa kafaɗa ɗaya kawai."

Usur ya tashi. Makin wasan bakwai da biyu, ɗan rata ke nan. Emmett ya ci, sun sami uku. Saura ɗaya a hannunmu.

Amma babu wanda ya yi murna a ɓangarenmu. Duk mun zuba wa hannun Keaton ido. Ya miƙe da ƙyar, leɓe a fashe, ana yi masa dariya, karon farko a rayuwarsa da za a ɗaga hannun wani a gabansa. Ya kai hannu ƙarƙashin haɓa. Ya ɓalle maɓallin. Ragar kifi ta ɗago sama.

Ya cire hular a hankali, ya riƙe ta kamar ƙwai.

Ya miƙa wa Emmett hannu ya ce, "Ka iya, mutumina. Wuyana zai tuna ka har bazara."

Emmett ya ce, "Kai mutum ne ko ƙusa? Na gaji da dannawa."

Keaton ya je ya gaisa da kocinsu, ya dawo benci, hula tana hannunsa. Sai a sannan zauren ya fashe.

Da aka miƙo mana garwar, yaran suka tura Keaton gaba. Ya buɗe lanƙwasasshen murfin, ya sa hular a ciki, ya rufe, ya ce, "Nan ya fi mata tsaro." Har dattijon nan mai kwando sai da ya yi tafi.

Har yau Maki Ɗaya ake kiransa, kuma yanzu da kansa ya sa aka rubuta sunan a bayan rigarsa.

Darasi: Nasarar da girman kai ya hau kanta tana iya tsiyata gari guda, kayen da aka sha da haƙuri saboda 'yan uwa kuma yana iya dawo musu da abin da suka rasa. Ku koya wa yaranku yadda ake ci, amma ku fara koya musu yadda ake tashi bayan an faɗi. Ku tura wa wani mai ɗa mai ƙarfi.

Ke kuwa Marlys, bayan an watse ranar, Keaton ya zo bayan teburina ya kifa kai a kafaɗata ya yi kuka har ya jiƙa min riga. Ya ce kada in faɗa. Don Allah wannan ya tsaya tsakaninmu.