Kunjappan Mai Wutsiyar Igiya

Akwai wani mutum a ƙauyen da na daɗe ina zaune, can gefen birnin Thrissur, ana ce masa Kunjappan. Shayi yake sayarwa a bakin tasha, amma ba da shayi aka san shi ba. Duk shekara a bikin girbi da ake kira Onam, idan unguwarmu za ta ja igiya da mutanen tsallaken kogi, shi ne na ƙarshe a layi, wanda ake naɗa wa wutsiyar igiya a ƙugu. Shekara goma sha tara yana riƙe da wurin nan. Kuma ba zai bari ka manta ba, ko kofi ɗaya ka zo sha sai ka ji labarin.

Ana nan sai ƙaba ta fito masa a ƙasan mara, ta gefen dama. In ya tsaya ta kumbura, in ya kwanta ta koma. Wata biyar yana ɓoye ta a ƙarƙashin zanen da yake ɗaurawa, har matarsa Thankamani ta gano. Da kyar ta ja shi gidan Vaidyar Achuthan, tsohon mai maganin gargajiya da ya gaji sana'ar tun kaka da kakanni.

Tsohon ya kwantar da shi, ya latsa wurin, ya ce, "Kunjappa, bangon ciki ne ya yage, hanji ke leƙowa. Zan ba ka jiƙo da man shafawa, ciki ya yi laushi, ka daina yunƙuri a bayan gida. Za ka yi pathyam na kwana arba'in da ɗaya."

Pathyam ita ce ƙa'idar da ke tafiya da magani. Ba rogo, ba wake, ba yaji, ba giyar kwakwa, ba taba mai jawo tari. A ci kaɗan, a ci da wuri.

"Amma ka buɗe kunne," in ji Vaidyar. "Jiƙo ba allura da zare ba ne. Ɗinki sai asibiti, kuma kada ka ja lokaci. Kafin nan ko tulun ruwa kada ka ɗauka. Ranar da ta fito ta ƙi komawa, kada ma ka biyo ta nan, ka wuce asibiti."

A duk maganar nan, arba'in da ɗaya kawai Kunjappan ya kwaso. A garin duk mai alwashi kwana arba'in da ɗaya yake kamewa, ya cika, ya koma harkarsa. Shi a tunaninsa ƙaba ma ta san wannan lissafin.

Ba zan rage masa ba, ya riƙe ƙa'ida. Kunun shinkafa da dafaffen ganye, safe da yamma, ga jiƙo mai ɗacin tsiya. Teɓa ta sauka, tari ya tafi, kumburin ya ragu har sai ya yi yini bai gan shi ba. Ranar ta arba'in da biyu ya aika aka sayo rogo da kifi.

Saura mako guda Onam, Sugathan, jagoran 'yan tsallaken kogi, ya shigo shan shayi, tashar cike da mutane.

"Chetta," ya ce, wato Yaya, "mun ji an ce kwakwa ta fito maka ba a bishiya ba. Bana kujera za mu kawo maka ko tabarma?"

Aka kwashe da dariya. Kunjappan ya dire kofin gabansa. "Sha ka tashi, ɗan kwaɗo. Ka gaya wa 'yan'uwanka su zo da zanen canji, don a taɓo za su kwana."

A gida Thankamani ta tare shi. "Kai mutumin nan, ba ka ji abin da Vaidyar ya ce ba?"

"Na cika kwanakina."

"Na abinci ka cika. Na ɗaukar nauyi bai sa masa rana ba."

"To ke ce Vaidyar yanzu? Taɓa ki ji, ina take?"

"Tana ciki tana jiranka," ta ce.

Ranar ja, da la'asar, ya ɗaure mara da ƙyalle, aka naɗa masa igiya. Muka ci zagaye na farko, suka ci na biyu. A na uku ya kafa dugadugai, ya kwanta baya har ƙeyarsa ta kusa taɓa ƙasa, sai ga 'yan tsallake sun zubo kamar buhuna. Aka ɗaga shi sama ana ihu. Fuskarsa ta yi fari, muka ce gajiya ce.

Da ya isa gida ya kwanta, ƙabar ta fito ta yi tauri. Ya tura, ta ƙi. Ya fara amai.

"Mu tafi asibiti," in ji Thankamani, tana kuka.

"Yau? A ɗauke ni yau, gobe Sugathan ya ce su suka kwantar da ni? Ɗumamo mini sauran jiƙon nan."

Haka ya wuni washegari, ƙofa a rufe, masu zuwa barka ana ce musu yana barci. A safiya ta biyu matar ta saɓa masa, ta ruga gidan Vaidyar. Tsohon ya zo da sandarsa, ya ɗaga zanen, ya ga wurin ya yi baƙi. Bai buɗe jakarsa ba. Da kansa ya fita titi ya tsayar da mai keken haya mai ƙafa uku.

A asibiti likita ya tambayi Thankamani tun yaushe. Ta ce shekaranjiya. Ya ce hanjin ya shaƙe ya mutu, gubar ta shiga jini, amma za su gwada. Sun gwada. Kwana huɗu ya yi bai farfaɗo ba, ya cika yana da shekara arba'in da takwas.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, ina cikin waɗanda suka naɗa masa igiyar nan. Na san yana da ƙaba. Dukanmu mun sani. Muna son mu ci tsallaken kogi ne, shi ya sa ba wanda ya buɗe baki.

Darasi: Sauƙi ba warkewa ba ne, kuma maganar mai magani ba a zaɓar wadda ta yi daɗi a bar sauran. Dariyar mutane ta yini ɗaya ce, kada girman kai ya sa ka biya ta da ranka. In kana da ƙaba, ka kiyaye ci da ɗaukar nauyi, ka je a duba ka, in kuwa ta fito ta ƙi komawa to asibiti a take. In ɗan'uwanka ne, ka faɗa masa gaskiya ko zai ji haushinka. Ku tura wannan ga wanda kuka san yana ɓoye irin tasa.