Matattun Unguwar Dukawa da Alkamar Rum

A tsohuwar Rum, gwamnati kan raba wa talakawa alkama kowane wata. Wata rana baduku Rufiyo ya isa rumbu da buhunsa, sai Mettiyus, zaɓaɓɓen shugaban rabo, wanda ke soke sunaye yana kwashe hatsin, ya tare shi.

"Littafi ya ce ka mutu, kai da mutum ɗari uku na unguwarku. Kawo shaidar kana raye. Amma ka sani, ba na karɓar maganar gawa."

Rufiyo ya rusuna. "Allah Ya ji ƙaina. Ranka ya daɗe, yaushe na rasu?"

"Bara."

"Ikon Allah! Ashe gawarwaki ɗari uku da ɗaya ne muka zaɓe ka watan jiya. Doka kuwa ta ce zaɓen da matattu suka yi rusasshe ne. Bari mu je gaban alƙali mu nemi gafara."

Mettiyus ya yi wuf ya riƙo shi. "Dakata, bawan Allah! Ai ga ka nan da ranka!"

"A'a, ranka ya daɗe, kada ka ƙaryata littafi."

Mettiyus ya daka wa ma'aikatan rumbu tsawa: "Ku cika masa buhu!"

Kafin la'asar, duk unguwar ta tashi daga kabari, kowa da buhunsa.