Layin da Bai Shiga Ɗaki Ba

An yi wani magidanci, kafinta ne, sunansa Filibus. Ya daɗe yana zaman haya a tsakiyar gari, shi da matarsa Dinatu da 'ya'yansu, har Allah ya buɗa masa ya sayi fili a bayan gari ya gina nasa. Filin a cikin kwari yake, duwatsu sun tare shi gabas da arewa. Wuri ne mai sanyi, ba ƙarar inji, ba fitinar mai gidan haya. Filibus ya yi ƙofofin da tagogin da hannunsa, duk wanda ya gani kuwa sai ya yaba.

Mahaifiyarsa tana can ƙauye ita kaɗai. Ta tsufa, gwiwoyi sun soma ƙi. An yi an yi ta dawo gari, ta ce wa za ta bar wa gonarta da kabarin mijinta? Sai Filibus ya saya mata 'yar ƙaramar waya, ya nuna mata maɓalli guda da za ta danna. Iya ba ta karatu, don haka suka shirya a kan filashin: ita ta danna, da ta ji ya shiga ta kashe, shi kuma ya kira ta. A ƙauyen ba a samun sabis sai a kan wani tsohon suri da ke bayan coci. Da rana tana gona, wayar tana ƙarƙashin matashi a kashe don kada caji ya ƙare. Sai da yamma, in tana da magana, ta dogara sandarta ta hau surin ta danna. Ba kullum take yi ba. Ita da bakinta ta ce masa, "Auta, in ka ji ni shiru, lafiya ce." Da wannan ne uwa da ɗa suke jin juna, ba su da wata hanya sai ita.

Da lokacin ƙaura ya matso, sai maganar layi ta taso. Filibus yana so a sa intanet a sabon gida, domin ya riƙa tura wa masu saye hotunan kujeru da gadaje, yara kuma su yi aikin makaranta. Dinatu ta ce, "Baban Keziya, kafin ka saya, ka je ka gai da maƙwabtan can, ka tambaye su layin da yake shiga musu ɗaki. Ka ari wayoyinsu ma ka gwada a cikin gidanmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Filibus ya yi dariya. Ya ce, "In fara zama a unguwa da aron waya? Ai sai su ce mabaraci ya tare."

Washegari ya bi ta bakin kasuwa, inda masu sayar da layi suke jere a ƙarƙashin lema, kowa da lasifikarsa yana yabon nasa. Wani saurayi mai zaƙin baki ya tare shi. Kamfaninsu sabo ne, ƙarfen sabis ɗinsu kuma ga shi nan tsaye a bayan rumfunan, kansa a sama. Saurayin ya kunna rauta, wato akwatin nan da yake raba intanet a gida, ya miƙa wa Filibus waya ya ce, "Yallaɓai, kada ka ji daga bakina. Taɓa da kanka."

Filibus ya taɓa. Hoto ya buɗe kafin ya ɗauke yatsa. Ya kunna waƙar wata ƙungiyar mawaƙa, ta yi ta tafiya kamar ruwa a kwata, ko tuntuɓe babu. Saurayin ya ƙara da cewa akwai garaɓasa ga wanda ya ɗauki rauta ya kuma mayar da lambarsa kan layinsu, lambar ba za ta canza ba ko kaɗan. Filibus ya ce a ransa, gani ya kori ji. Ya ɗauki akwatin, ya mayar da lambarsa, ya sa aka mayar da ta Dinatu. Ya dawo gida yana taƙama, wai shi ba ya sayen abu sai ya gwada. Gaskiya ne kuwa, ya gwada. Abin da bai tuna ba shi ne, ba a kasuwa zai kwana ba.

Suka tare a farkon damina. Aka jona rauta a falo, fitilarta ta yi ja. Aka kai ta taga, ja. Filibus ya ɗora ta a kan kabad, ya sauke, ya rataye ta a ƙusa, har ya taɓa fita da ita tsakar gida yana ɗaga ta sama kamar mai nuna wa jariri wata. Wayoyinsu ma haka. Da an gangaro kwarin sai sabis ya soma zubewa, kafin a kai ƙofar gida ya tafi ɗungurungum. Yara suka yi ƙorafi suka gaji. Dinatu ba ta ce "na faɗa maka" ba, domin mace ce mai hankali, amma ya fi so da ta faɗa a wuce wurin.

Da ya so, da tun a makon farko ya koma ya gyara. Amma girman kai rawanin tsiya ne. Ya ce kamfanin sabo ne, za su kafa ƙarfe a unguwar nan ba da daɗewa ba. Kuma abin bai matsa masa sosai ba, domin shagonsa a kasuwa yake, dab da ƙarfen. Tun safe har la'asar wayarsa tana ruri, ciniki yana tafiya, hotuna suna zuwa suna komawa. In ya dawo gida da yamma sai ta yi tsit. Har ya soma jin daɗin hakan, yana cewa yanzu ne mutum yake cin tuwonsa ba mai damunsa.

Wata rana suna cin abinci Dinatu ta ce, "Baban Keziya, Iya fa shiru."

Ya duba wayarsa, ba alamar kiran da ya wuce shi. Ya ce, "Ai ita ta ce in na ji shiru lafiya ce. Da akwai wani abu da ta yi filashin."

Ya gwada kiranta daga shago da rana, ya ji wayar a kashe, kamar yadda take kullum a irin wannan lokaci. Sai hankalinsa ya kwanta. Ya ce zai hau dutse wata yamma ya neme ta, amma yau gajiya, gobe ruwan sama, jibi baƙi. Bai tsaya ya yi tunani ba cewa kiran da bai sami hanyar shiga ba, ba ya barin sawu. Haka damina ta yi nisa, dawa ta kai ƙugu, shi kuwa yana zaune a kan cewa shiru lafiya ce.

Ran wata Asabar da rana, bayan an ɗauke ruwa, Filibus yana tsakar gida yana fere katako, sai ya ji tsayuwar mashin a ƙofar gida. Ya leƙa. Ɗan acaɓa ne yake taimakon wata tsohuwa ta sauka, da sandarta, da ƙullin gyaɗa, zanenta duk taɓo. Iya ce. Ita da daga gona sai gida, ko kasuwar ƙauyensu ba ta zuwa, ta shiga mota ta sha hanya, ta yi ta tambayar gidan Filibus kafinta tun daga tasha.

Dinatu ta fito da gudu ta tare ta, aka kai ta falo, aka kawo ruwa. Iya ta sha. Ba ta dubi ƙofofin ba, ba ta dubi tagogin ba. Ɗanta ta duba, tun daga kai har ƙafa, ta daɗe tana dubansa. Sa'an nan ta ce, "Ashe kana da rai. To, mun gode Allah."

Ya ce, "Iya, me ya faru? Me ya sa ba ki yi filashin ba?"

Ta ce, "Ni? Auta, surin nan har ya san ƙafata. Da fari na hau ne in sa wa gidanka albarka. Daga baya na hau domin bangon ɗakina ya faɗi da ruwa, na kwana a ɗakin girki har samarin coci suka tayar mini. Daga nan ban ƙara hawa don wani abu ba, sai don in ji ko kana numfashi. Kullum wata mace ce take amsa mini da Turanci. Na ce mata ni uwarsa ce, ba ta saurare ni ba."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da 'yar wayar, ta kunna, ta danna maɓallin nan guda, ta miƙa masa. "Ji ta da kunnenka."

Filibus ya kara a kunne. Muryar kamfani ce take cewa ba a samun mai wannan lamba. Ga shi zaune a gaban uwarsa, ga wayarsa a kan tebur tsakaninsu, ko motsi ba ta yi ba. Ya sauke wayar Iya daga kunne ya duba fuskar wayar, ya ga sabis ya cika fal. Tana kan tsohon layin nan ne da ya bari a bakin kasuwa. Ashe shi ne yake shiga gidan, har cikin falo.

Kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya cika masa zuciya, ya tuna yammacin da ya yi ta cin tuwo yana murna ba mai damunsa. Ya durƙusa ya ce, "Iya, ki gafarce ni."

Ta ce, "Tashi, ba faɗa ya kawo ni ba. Kira mini yaran. Albarkar da ta ƙi shiga ta waya, bari in sa ta da bakina."

Ta yi addu'a a kan gidan da duk wanda yake cikinsa. Da mako ya kama, Filibus ya bi maƙwabta gida gida, ya gaishe su, ya ari wayoyinsu ya gwada a kowane ɗaki, ba kuma wanda ya kira shi mabaraci. Ya koma layin da yake shiga. Amma tafiyar ta taɓa Iya, ta yi kwanaki ba ta iya taka ƙasa. Bangon ɗakinta kuma 'ya'yan wasu ne suka tayar, wannan ba yadda zai yi ya mayar da shi baya.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Kowannenmu yana ƙaura, ko bai ɗauki kaya ba. Wani ya shiga aure, wata ta sami aiki, wani ya tafi makaranta, wani Allah ya ɗaga shi. A kowane sabon wuri mutum yakan sake zaɓen abin da zai jingina da shi: abokan da zai bi, muryoyin da zai saurara, yadda zai raba lokacinsa. Masu talla kuwa ba sa ƙarewa, kowa yana cewa taɓa ka gani. Filibus bai yi kuskuren ƙin gwadawa ba. Ya gwada ne a inda kome yake aiki.

Mu ma haka muke auna kanmu. Muna auna bangaskiyarmu ran Lahadi, ana kiɗa, ana waƙa, ɗan'uwa a dama, 'yar'uwa a hagu. A nan kam wa zai rasa sabis? Ko dutse aka ajiye a kan bencin nan sai ya ji ɗumi. Amma ba a coci kake kwana ba. Tambayar ita ce, abin da ka riƙe yana shiga ɗakinka? Yana shiga inda kake magana da matarka in ranka ya ɓaci? Yana shiga shagonka lokacin da mai saye bai san farashi ba? Akwai dattawa a cikinmu da suka riga mu zama a irin kwarin da muke shiga, sun san abin da yake kaiwa ciki da abin da yake tsayawa a bakin ƙofa. Tambayarsu ba bara ba ce.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne shirun. Akwai lokacin da Maganar Allah take sukar zuciyarka, in ka yi ƙarya ka kasa barci, in ka ƙi yin addu'a ka ji kamar ba ka ci abinci ba. Yanzu ba ka jin kome, sai ka ce ka sami salama. Ɗan'uwa, duba da kyau. Mai yiwuwa ne ba kiran aka daina ba, kai ne ka koma inda ba ya iske ka. Irin wannan shiru yana da daɗi, shi ya sa yake da haɗari.

Mai kiranmu ba ya fushi ya ajiye waya. Da muka yi nisa har muryarsa ba ta kai mana, bai aiko da faɗa ba, ya taso da kansa ya sha wahalar hanya, ya iske mu har gida, da albarka a bakinsa. Wannan alheri ne, ba mu biya shi ba. Amma kada alherin ya sa mu sake, domin akwai abin da in ya wuce mutum yana cikin shirunsa, ko ya tuba an gafarta masa, ba zai dawo ba.

Saboda haka yau in an tashi, kada ka gwada kanka a nan. Bari sai ka isa gida, an ci abinci, kiɗan ya fita daga kunnenka. Ka shiga ɗakinka kai kaɗai ka saurara. In ka ji shiru, kada ka ce lafiya ce. Kai ka kira.