Igiyar Barmo da Ɗankande

"To yara, ga ta nan ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Wasu 'yan'uwa ne biyu, Barmo da Ɗankande. Buhun irin gero ɗaya ya rage musu, shi za su shuka in damina ta faɗi. A ƙasa gara, a rumbu ɓera. Sai suka ce a rataye shi tsakanin tsamiya da kanya, kowa da igiyarsa.

A gidansu kuwa, igiya mai sako-sako ta malalaci ce. Sai kowa ya ja tasa, har igiyoyin suka miƙe samɓal. Sai tas, ta Barmo ta tsinke. Buhu ya fashe, kaji suka yi biki.

Barmo ya ce, "Mu biyu fa muke riƙe da shi. Ba rabi-rabi ba ne?"

Ɗankande ya ce, "Igiyarka ce ruɓaɓɓiya."

Sai suka ɗinke buhu, suka tufka ta rama mai kauri. Suka ja, suka ja. Sai tas, ta Ɗankande.

Barmo ya ce, "To wannan fa?"

Ɗankande ya ce, "Ni ma kaina ya ɗaure. Jiya da irinta na ɗaure bijimi."

Yanzu hannuwa duk kanta, igiya duk ƙulli. Suka kasa ja. Sai suka bar buhu ya lotsa a tsakiya kamar cikin akuya. Suka zauna jiran tas. Shiru.

Barmo ya ce, "Don ya rage nauyi ne."

Sai suka ƙara masa dutsen niƙa. Shiru.

Ɗankande ya ce, "Kaya ya ƙaru, igiya ta lalace, kuma ta riƙe? Ko dai aljanin tsamiya ne?"

Sai ga maƙwabcinsu zai wuce, ya dubi igiya sako-sako, ya yi murmushi. Kunya ta kama Ɗankande, wawan banza. Ya tashi ya ja iya ƙarfinsa. Da dutsen, da buhun, duk suka zo ƙasa.

Abin da suka tsince bai cika ƙwarya ba. Da ruwa ya sauka, kunya uku suka shuka, suka tsaya suna kallon sauran gonar. Wallahi har ni sun ba ni tausayi.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Igiya in ta miƙe sarai, kaya biyu take ɗauka, nauyin buhu da jan mai ita. Ku sassauta mata.